Ƙararrawar da Ba Ta Ganin Sufeto

Asabar, da hantsi

An gama haɗa abin. Wani farin akwati ne a saman ƙofar gida, da ƙararrawa a falo, sai baƙar munduwar roba a hannun Malam. In ya doshi ƙofa, akwatin zai hango munduwar, ƙararrawa ta yi ƙara, ni kuma in yar da abin da ke hannuna in ruga. Haka mutumin da ya haɗa ya yi mini bayani daga saman tsaninsa. Tun da ya zo ban ga ƙafarsa a ƙasa ba sai da zai tafi, shi ya sa na laƙaba masa Mai Tsani.

Babban ɗanmu ne ya aiko shi. Tun ranar nan da aka dawo mana da Malam da takalmi ƙafa ɗaya, muryar Babba a waya ta sauya. Ba zan rubuta inda aka tsince shi ba. Na dai wanke wandon, na shanya, na ninke.

Babba ya ce, "Umma, ƙarshen wata zan zo in gani da idona. In abin nan bai yi aiki ba, zan tafi da Baba. Akwai gidan kula da tsofaffi kusa da ni, ma'aikatansu ba sa barci."

Na ce, "Ni ma ai ba barcin nake ba."

Mun taɓa gwada kwaɗo. Malam ya yi ta dukan ƙofar har bayan hannunsa ya fashe, ga masu haya a ɗakunan baya, shiga da fitarsu ba ta ƙarewa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin duba-gari, har yau unguwa Sufeto take kiransa, yakan manta sunana amma bai manta cewa akwai kwatocin da ke jiran a duba su ba. Ba na so a ɗauke mini shi. Na rubuta a nan tunda ba wanda zan faɗa wa bai ce in yi haƙuri ba.

Kafin ya tafi, Mai Tsani ya riƙe munduwar da yatsu biyu, ya tsaya can wajen igiyar shanya ya kaɗa ta a iska. Ƙararrawa ta cika gidan. Na ji sanyi a raina.

Lahadi, bayan azahar

Malam ya daɗe yana kallon munduwar, ya kara ta a kunne. Ya ce, "Wa ya sayo mini wannan agogon? An cuce shi, ko motsi ba ya yi."

Talata, da yamma

Ya fita, ƙararrawa ba ta ce uffan ba.

Ina kicin ina yankan albasa, sai sallamar mai shagon kan kwana na ji, yana riƙe da gefen rigar Malam. Wai ya tsaya masa a bakin kwata yana cewa in bai kwashe ta ba kafin gobe zai rufe shagon. Mai shago yana dariya, ni ma na taya shi.

Auta ta biyo daga wurin aiki. Ta juya hannun babanta ta ce, "Umma, ai ta yi masa yawa. Dubi yadda take lilo. Dole ta ƙi aiki." Muka matse ta da huda ɗaya. Mun yi shawara ba za mu gaya wa yayanta ba tukuna.

Laraba, da safe

Mai Tsani ya zo. Ya kwance munduwar daga hannun Malam, ya kaɗa ta a iska, ƙararrawa ta amsa. Ya sake daga wajen famfo, ta amsa.

"Lafiyarta ƙalau, Hajiya. Ƙila lokacin an ɗauke wuta ne."

Ba a ɗauke ba, firji na ta gurnaninsa a bayana lokacin. Ya bar mini wata munduwar ta ko-ta-kwana, ya saɓa tsaninsa.

Alhamis, bayan la'asar

Malam ya sake fita. Ba ta yi ƙara ba. Mun ƙara matsewa.

Juma'a, da hantsi

Wani abu ya tsaya mini a rai. Jiya da safe Malam ya ɗauki kujerarsa zai kai bakin ƙofa, ƙararrawa ta yi ƙara kafin ya isa. Da la'asar mutumin nan ɗaya, da munduwa ɗaya, ya ratsa ta ƙofar nan ɗaya, shiru kake ji. To me ya bambanta safe da la'asar? Akwati dai ba ya gajiya, bare in ce gyangyaɗi ya kama shi.

Na ɗauko munduwar da aka bar mini. Na riƙe ta da yatsu biyu kamar yadda Mai Tsani yake yi: tun daga igiyar shanya ta yi ƙara. Na ɗaura ta a hannuna na taho: na wuce igiya, na wuce famfo, shiru, sai da na kusa taɓa ƙyauren ƙofa ta farka. Na cire, na sake. Haka dai.

Wato a iska idon akwatin garau yake, a jikin mutum kuma sai ya koma dundumi. Ban san dalili ba, amma yau ce rana ta farko cikin makonnin nan da na ji ina son sanin wani abu maimakon tsoron sa.

Asabar, bayan azahar

Malam na barcin rana, ni kuma na mai da tsakar gida ɗakin gwaji.

Na ɗora munduwar a farantin roba, ta yi ƙara daga nesa. A farantin silba ta mutu murus. Na ɗaura ta a gorar ruwa marar komai, ta yi ƙara daga nesa. Na cika gorar da ruwa, sai ta koma irin ta hannuna, ba ta magana sai a bakin ƙofa. Na zuba gishiri a ruwan don in ga ko za ta ji haushi, ta kuwa ji, ta ƙara lalacewa.

Daga nan na rasa abin da ya yi kama da mutum a gidan, sai idona ya faɗa kan kankanar da Auta ta kawo. Na manna mata munduwar da salatif, na rungume ta ina kai-komo. Matar mai haya ta fito da bokiti, ta tsaya tana kallona.

"Mama, lafiya? Kankanar ce ke son fita?"

Na ce, "Ita ce. Tun safe take cewa za ta je duba kwata."

Ta yi dariya har ta aje bokitin, sai kuma ta tsaya cak, ta kalli tagar ɗakin Malam ta ce in yafe mata. Na ce ba komai, ni na fara. Kankana dai halinta ɗaya da gorar ruwa.

Litinin, da safe

Na kira Mai Tsani na zayyana masa komai, har da kankanar. Ya ce, "Hajiya, kar ki yanka ta, ga ni nan."

Yau ya zauna a ƙasa. Ya sa reza ya tsaga munduwar tawa, ya zaro wata siririyar leda. A jikinta akwai zanen ƙarfe mai lanƙwasa, siriri kamar takardar cikin kwalin shayi, da wani ɗigo baƙi a tsakiya wanda bai kai ƙwayar gero ba.

Ya ce, "Wannan ɗigon shi ke riƙe da lambar Baba. Wannan zanen kuma eriya ce. Babu batir a ciki ko kaɗan. Akwatin can ne ke watso sigina, eriyar ta kama, ta ɗan samu ƙarfi, ta mayar da amsa. In ba ta kama da kyau ba, ba ta da bakin magana."

"To me ruwa ya tare mata?"

"Abu biyu. Na farko, ruwa na shanye siginar, musamman mai gishiri. Mu kuwa yawancin jikinmu ruwa ne da gishiri."

"Har ni da na bushe haka?"

"Har ke, Hajiya. Na biyu, tsawon eriyar nan an auna shi ne daidai da siginar akwatin. Da ta kwanta a kan fata sai awon ya goce. Kin san yadda rediyo ke yi in an ɗan gota daga tasha?"

Na sani. Na kuma tuna rediyon Malam, in na kama eriyarsa murya ta sauya, in na saki ta koma. Shekara da shekaru ina yin haka ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Ya ce akwai mundaye masu ɗan kauri a ƙasa da ke ɗaga eriyar daga fata, wannan kuwa siririya ce, don haka duk ɗan sararin da ta samu tsakaninta da jiki, alheri ne gare ta. Ko kaurin yatsa ya isa ya sauya lissafi.

Na ce, "Wato in ta yi lilo ta fi ji?"

"Ta fi ji."

Na tashi na je na duba hannun Malam. Robar ta kwanta a fatarsa ta yi shati, ƙarƙashinta duk gumi. Ni da Auta, don tsabar kulawa, mun yi ta toshe wa abin baki da hannunmu. Na sassauta ta, na shafa masa mai a wurin. Ya ce na gode, 'yan mata.

Mai Tsani ya ce shi ma daga yau ya daina gwaji a iska. Mun yanka kankanar, ya ci yanka biyu.

Talata, da yamma

Har yanzu lissafina bai cika ba. A hannuna, ko na matse ta, tana ƙara in na iso bakin ƙofa. A hannun Malam ranar nan ko tari ba ta yi ba. Akwai abin da yake yi wanda ni ba na yi.

Laraba

Ba zan yi rubutu yau ba.

Alhamis, da hantsi

Jiya ya yi nisa. Ina wanka. Mai shago bai gan shi ba, ba wanda ya gan shi. Auta ce ta samo shi, ba ta kuma gaya mini a ina ba, ni ma ban tambaya ba. Ta shigo da shi, ta zaunar da shi, ta shiga banɗaki ta kunna famfo ruwa ya yi ta zuba don kar in ji.

Ta gaya wa yayanta. Ban ga laifinta ba.

Babba ya kira. Bai ɗaga murya ba, na fi son ya ɗaga. "Umma, sau nawa ke nan?" Sannan ya ce ya riga ya yi magana da mutanen gidan can, akwai gado. Na ce ai ƙarshen wata ka ce. Ya ce, "Ƙarshen watan ne, Umma. Sati mai zuwa."

Na duba ƙofa. Na sake duba ƙofa.

Juma'a, bayan la'asar

Na gani!

Na zauna a bakin tagar kicin na ƙi yin komai sai kallonsa. Ya tashi daga kujera, ya gyara hula, ya karkaɗe gaban riga. Sai ya mai da hannuwansa baya, ya sa hannun dama ya kama wuyan hannun hagu, daidai kan munduwar, ya ɗan duƙar da kai ya nufi ƙofa. Tafiyar duba-gari ke nan, wanda ba ya taɓa komai da hannu sai dai ya nuna da haɓa.

Munduwar tana cikin tafinsa, tafin yana bayansa, shi kuma gaba ɗayansa yana tsakaninta da akwatin. Ina abin nan zai samu sigina? Ranar da ta yi ƙara, kujera ya ɗauko, hannuwansa na gaba.

Na bi shi a baya har bakin ƙofa, shiru. Na riƙo rigarsa ina dariya, hawaye na zuba. Duk zamanmu ta gaba nake ganin tafiyar nan, in ya dawo daga aiki ina tarbarsa. Ban taɓa lura da wane hannu ke kama wanne ba.

Ya ce, "Ke kuma lafiya? Ina kan aiki."

Asabar, da safe

Hana shi kama hannu ba zai yiwu ba, ya girmi munduwar da shekaru masu yawa a wannan ɗabi'a. Na gaya wa Mai Tsani a waya. Ya ce to a raba ta da hannun, a kai ta inda akwatin zai gan ta daga sama. Kafaɗa.

Ya kawo mini ledojin eriyar zalla, guda da yawa. Na yanko soso daga tsohuwar katifa na fara gwaji a kafaɗata. Siririn yanka bai yi wani abin kirki ba. Mai kaurin yatsa ya yi ƙara daga famfo. Mai kaurin yatsa biyu ya kai igiyar shanya, amma sai na zama kamar mai ƙari a kafaɗa. Na tsaya a kan yatsa ɗaya da ɗan ƙari.

Wani abin mamaki: in na jiƙa soson, ya koma gidan jiya. Sai na naɗe shi a leda kafin in ɗinke, saboda gumi da wanki. Na kuma gwada ɗora tafina a kai, ta yi gum nan take, duk kaurin soson.

Lahadi zuwa Talata

Ɗinki. Kowace riga tasa na yi mata ɗan aljihu ta ciki a kafaɗar hagu. Idona ya gaji, zaren ma sai matar mai haya ke zura mini a allura. Malam ya shafa kafaɗarsa ya ce an ƙara masa girma ne? Na ce an ƙara.

Jiya ya doshi ƙofa da hannuwansa a baya, ƙararrawa ta tsala ihu tun yana wajen famfo. Na fito a guje da kumfa a hannu ina kiran sunansa. Ya tsaya cak.

Alhamis, da yamma

Babba ya zo. Ya rame, ban gaya masa ba. Ya durƙusa ya gai da babansa, Malam ya amsa masa da mutunci irin na baƙo, ya tambaye shi ko daga ofis aka turo shi.

Ya gwada da kansa. Ya sa rigar babansa ya taho da hannu a baya, ta yi ƙara. Ya taho a karkace, ya taho da sauri, ya taho da baya-baya, ta yi ƙara. Sannan ya sa aka taso Malam aka bi da shi ta ƙofar, aka sake, aka sake, ƙararrawa na ta tsagawa, Malam na ta waige-waige.

A ƙarshe Babba ya zauna a dakalin famfo ya rufe fuska. Ya ce, "Shi ke nan, Umma. Ya zauna."

Na shiga ɗaki na yi sujada.

Kafin ya tafi ya sa Mai Tsani ya ƙara wa ƙararrawar murya, ya kuma haɗa akwatin da wayarsa. Ko an yi ƙara, ko an zare wuta, saƙo zai je masa. Ban yi musu ba. Wadda aka bar wa mijinta ba ta tsayawa ciniki.

Asabar, da hantsi

Ta yi ƙara da safe. Na fito, Babba ya kira, Auta ta kira. Malam na tsaye wajen famfo, hannuwansa sun sauko gefe. Ya ce mini a hankali, "Laifi na yi?"

Na ce a'a, Malam.

Litinin, bayan azahar

Bai je ƙofa ba jiya. Yau ma bai je ba.

Laraba, da yamma

Babba ya ce, "Kin gani, Umma? Kwana nawa ba saƙo. Alhamdu lillahi." Na ce Alhamdu lillahi.

Malam yana kujera tun safe. Ya juya ta ta ba ƙofa baya. Bai gyara hula ba, bai karkaɗe riga ba, abincin ma sai na yi da gaske. Na ce masa kwatar mai shago ta cika fa, Sufeto. Ya ce, "An hana."

Na ce mu fita tare, ni da kai. Ya tashi, muka taho, muna isa famfo abin ya tsala ihu. Ya fizge hannunsa ya koma kujera da saurin da ban san yana da shi ba. Waya ta hau ruri a ɗaki. Na roƙi Babba a rage muryar ko a nuna mini inda ake kashewa in za mu fita. Ya ce, "Umma, don Allah a bar shi haka. Wata rana za ki kashe ki manta. Shi kaɗai ke sa ni barci." Na fahimce shi, yaron ya ga abin da ya gani.

An bar mini mijina, amma wannan na kan kujera ban san shi ba. Raina a jagule yake.

Juma'a, bayan la'asar

Na gyara masa hula da kaina, na karkaɗe masa riga. Na ce, "Sufeto, an turo ni daga ofis in raka ka zagaye."

Ya kalli wajen ƙofa ya ce, "Za ta yi ihu."

Na ce, "Ba za ta yi ba. Ka dai tafi a hankali."

Na tsaya a hagunsa, na miƙa hannu na ɗora tafina a kafaɗarsa, na danne soson. Ya fi ni tsawo, sai da na ɗan yi ɗage. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa dafa shi a gaban mutane ba, ga matar mai haya a tsakar gida tana tankaɗe. Ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da aikinta.

Muka wuce igiyar shanya. Muka iso famfo, na ji kafaɗarsa ta ƙage a ƙarƙashin hannuna, ya rage tafiya yana jira. Shiru. Muka wuce ƙarƙashin akwatin, muka taka titi.

Ya tsaya ya dubi hagu, ya dubi dama. A hankali hannuwansa suka koma baya, dama ya kama hagu. Mun yi nisa da akwatin, babu sauran dalilin dafa shi, hannuna ma ya fara sagewa. Ban sauke ba.

Ya nuna kwatar mai shago da haɓa ya ce, "Rubuta wannan."

Na ce, "Na rubuta, ranka ya daɗe."